Abin da injin 1HZ ya koya mini game da turbo

Motar Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, mai injin 1HZ. Mai ita ɗan kasuwa ne da ke lodi daga Kano zuwa Damagaram, daga nan ya bi ta Tanut har Agadas. Da hantsi ya shigo garejinmu, bayan mun gaisa ya ce, "Malam, motar nan ba ta da laifi, sai dai idan ta sha kaya kamar an ɗaure mata ƙafa. An ce kana sa turbo." Na ce ina sawa. Gaskiyar magana, kafin ranar turbo biyu kacal na taɓa ɗaurawa, kuma duka a motocin da suka zo da shi daga kamfani, tsoho na cire na mayar da sabo. Ɗora turbo a injin da aka ƙera babu shi wani aiki ne daban, ni kuwa na ɗauka duk ɗaya ne.

Duk wanda ya yi aiki a kan 1HZ ya san dalilin da ya sa mutanen hamada ke ƙaunarsa. Silinda 6 ne a jere, lita 4.2, yana shan gas, ba shi da kwamfutar da za ta ruɗa bakanike a tsakiyar daji. Tun 1990 Toyota ke yin sa. Rauninsa ɗaya, ƙarfin dokinsa bai wuce kusan 130 ba, ga motar da nauyi tun kafin a ɗora mata buhu ko ɗaya. Saboda haka ƙorafin Alhaji mai motar gaskiya ne, ban ga laifinsa ba.

Na samo turbo a Ƙofar Ruwa, na sa aka haɗa mini bututan, na jawo layin baƙin mai daga jikin inji, na huda wurin da zai koma ƙasa. Aikin ya yi kyau a ido. Maigidana, wanda a hannunsa na koyi riƙe sifana, yanzu tsufa ya zaunar da shi a kan benci, amma babu abin da ke wuce idonsa. Ya kira ni ya ce, "Ina agogon zafin hayaƙi?" Na ce, "Baba, ban samu ba a makon nan, kuma Alhaji lodi yake jira. Ai ga agogon zafi nan a gaban direba." Bai yi mini gardama ba. Cewa kawai ya yi, "Wancan ruwa yake aunawa." Na ji maganar, amma ban tsaya na fahimce ta ba.

Aikin turbo ba mai wuyar bayani ba ne. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata ƙaramar farfela, ita kuma sanda guda ce ta haɗa ta da wata farfelar da ke tura iska cikin silinda da ƙarfi. Sandar nan takan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya. Dabarar tsohuwa ce, tun 1905 wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi mata rajista. To amma iska kaɗai turbo ke kawowa. Ƙarfin kuwa daga man da aka ƙone yake fitowa. Na san wannan, shi ya sa bayan na gama ɗaurawa na je kan famfon injekta na murɗa sukurun mai, na ƙara, na gwada, na sake ƙarawa. Na kuma matse ƙofar da ke rage iska har allurar agogon matsin iska ta kai psi 14 (psi shi ne ma'aunin matsin). Muka fita gwaji a titin Daura, motar babu kaya, iskar yamma tana kaɗawa. Da Alhaji ya taka totur sai da ya yi kabbara. Baƙin hayaƙi ya ɗan fito ta salansa, na gan shi a madubi, na ce a raina alamar ƙarfi ce.

Ba a yi wata biyu ba direbansa ya kira ni daga bayan Tanut. Lokacin bazara ne, zafin yankin ya haura digiri 40, ga kaya har sama, ga yashi a inda kwalta ta mutu. Ya ce ruwa ya tafasa, inji yana fitar da farin hayaƙi, ƙarfi ya tafi gaba ɗaya. A bayan babbar mota aka dawo da ita. Da muka buɗe inji, fistan biyu sun tsage a sama, ɗaya gefensa ya fara narkewa, kan injin kuma ya tsage a tsakanin bawul. Na daɗe a tsaye da fistan ɗin a hannuna, saboda na san wanda ya yi wannan ɓarna.

Maigida bai yi mini faɗa ba, zaunar da ni ya yi, kuma abin da ya faɗa a ranar shi nake ci har yau. Na girma a kan injin fetur, inda idan mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa inji ke ɗaukar zafi. Wannan sanin na kwaso na kawo kan injin gas, alhali shi akasin haka yake: yawan mai a kan iskar da ba ta ishe shi ba shi ke haifar da zafi. Baƙin hayaƙin da na gani a madubi man da bai ƙone daidai ba ne, gargaɗi ne inji ke yi mini. Zafin cikin silinda kuwa cikin daƙiƙu yake hawa idan mota na jan kaya a babbar giya, shi kuma ruwan lagireto sai daga baya yake nunawa. Kafin allurar gaban direba ta motsa, aikin gama ya gama. Alminiyon da ake yin fistan da shi yana narkewa ne a wajen digiri 660, kuma tun kafin nan ƙarfinsa ya fara raguwa.

Akwai kuma abin da ban taɓa tambayar kaina ba. Toyota da kanta ta yi wa wannan inji ɗan'uwa mai turbo, wato 1HD-T, girmansu ɗaya, ƙarfin dokinsa kusan 165. Me ya sa ba ta ɗauki 1HZ ta liƙa masa turbo kawai ba? Matsin 1HZ, wato yadda fistan ke matse iska a cikin silinda, ya haura 22 bisa 1, na 1HD-T an sauke shi ƙasa da 19. A 1HZ, nozul yana fesa mai ne cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki a kan inji, daga nan wuta ta tsirgo kan fistan. A 1HD-T kuwa kai tsaye ake fesawa cikin silinda, kuma fistan ɗinsa daban ne. Injiniyoyin da suka ƙera shi sun sauya cikinsa kafin su ƙara masa iska. Ni kuwa na ƙara iska da mai, na bar cikin yadda yake. Sannan iskar da aka matse zafi take yi, kuma ban sa intakula da za ta sanyaya ta ba. Iskar bazarar Agadas na ƙara wa zafi na tura cikin inji.

Abin da ya fi mini nauyi shi ne fuskantar Alhaji. Hanyar zillewa a buɗe take: in ce direba ne ya yi ganganci, ko gas ɗin hanya ne gurɓatacce, ko turbon ne jabu. Masu sana'armu da yawa haka suke yi, kuma mai mota ba shi da yadda zai gane. Na ajiye fistan ɗin a gabansa na ce, "Alhaji, kuskurena ne. Mai na ƙara fiye da ƙima, kuma na sallame ka babu abin aunawa." Ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce shi ma ya matsa mini da gaggawa. Muka daidaita, shi ya sayi kaya, ni na yi aikin ban karɓi ko sisi ba.

Gyaran na biyu ya ci kwana goma sha, don ban yarda na sake yin sauri ba. Na sauke iska zuwa psi 8, na sa intakula, na faɗaɗa salansa don hayaƙi ya samu hanya, na canza lagireto. Na gyara layin da baƙin mai ke komawa, domin na farko ya ɗan kwanta, shi kuwa dole ya gangara ƙasa sosai tunda babu famfon da ke jan sa. Na huda bututun hayaƙi kafin turbo na dasa ma'aunin zafi, na kawo agogonsa daidai idon direba. Sai da muka yi wa motar lodin buhunan siminti muka fita da tsakar rana, ina rage mai kaɗan-kaɗan, har hayaƙi ya washe kuma allura ta daina kusantar digiri 650 ko a kan hawa. Ƙarfin bai kai na farko ba, na faɗa wa Alhaji haka tun kafin ya hau. Amma ya fi na asali nesa ba kusa ba.

Direban ma sai da na zauna da shi. Idan allura ta hau, ya sauko giya ɗaya ya sassauta ƙafa. Idan ya tsaya bayan doguwar tafiya, ya bar inji yana aiki minti biyu ko uku kafin ya kashe, don kada baƙin mai ya ƙone a jikin sandar turbo. Filtar iska kuma ya daina buga ta a jikin taya, ƙurar da ta ratsa ta ita ke cinye bakin farfela.

Kwanan baya wani ya kawo irin motar, injin ya riga ya gaji, yana shan baƙin mai, yana son turbo kafin ƙarshen mako. Na auna matsin silindarsa na nuna masa, na ce sai dai a fara gyara inji, ko ya nemi 1HD-T ɗungurungum. Ya tafi wani garejin. Da yamma direban Alhaji ya kira daga Agadas, ya ce sun sauka lafiya, allura ba ta wuce 600 ba duk tsawon hanya. Na miƙa wa maigida wayar ya ji da kunnensa.