Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hoton da Aka Kai wa Baffa

Makon jiya na tsaya a inda na kama ɗaki a gidan Nanay, a Sebu, ƙasar Filifin. Yau sai na tsallake zuwa maganar hoton nan, don har gobe idan na tuna raina ɓaci yake.

Ranar Lahadi ce, 15 ga Janairu, 2017. Ranar Sinulog ce, babban bikin Kiristocin Sebu, wanda kullum Lahadi ta uku ga Janairu ake yin sa. Ni ba biki na fita ba, littafi na je karɓowa wajen wani ɗan Katsina, jipni, motar hayarsu, ta sauke mu a hanya saboda an rufe titin Osmeña. Ganguna ta ko'ina, mutane na ɗaga ɗan mutum-mutumin da suke kira Santo Niño, wai siffar Annabi Isa yana yaro, suna ihun "Pit Senyor!" Rawar kuma taku biyu gaba, ɗaya baya, wai kwaikwayon tafiyar ruwan kogi. Asalin mutum-mutumin, Majalan, Bature mai yawon teku, shi ya ba matar Humabon, Sarkin Sebu, a 1521, shekarar da mutanen Lapu-Lapu, wani sarki a tsibirin Maktan, suka kashe Majalan ɗin a can. Ina kutsawa cikin cunkoso wasu samari suka shafa mini jan fenti a kumatu da farar rigata, suna dariya. Abokin tafiyata ya ɗauki hoto.

Wanda ya tura wa su Yaya hoton ya san kansa. Ba zan kira suna ba, muna haɗuwa a ɗaurin aure.

Baffa ko sallamata bai amsa ba. "Ashe bautar gunki muka tura ka? Dama kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na ce, "Allah ya huci zuciyarka Baffa, wallahi wucewa nake yi." Ya kashe waya. Wata huɗu ba a turo kuɗin haya ba, kuma kuɗin nan na gonar mahaifinmu ne, ba nasa ba.

Wa ya riƙe ni? Nanay, Kirista, wadda daga 16 ga Disamba take tashi tun duhun asuba kwana tara a jere ta tafi coci, ni ina alwala ita tana neman takalmi. Ranar bikin unguwarsu da aka gasa alade sukutum, sabuwar tukunya ta sayo ta dafa mini kifi, ta ɗaura mata jan zare don kada jikokinta su taɓa. "Dong, wannan taka ce," in ji ta. Dong, haka suke kiran yaro namiji. Ranar ƙaramar sallah, da yake hutu ce a duk ƙasar tun 2002, ita ta buga mini ƙofa kada in makara idi.

Gida ya bar shi, in ji Baffa.

Na manta ban faɗa ba, kafin duk wannan, 1 ga Nuwamba ta ja ni maƙabarta riƙe mata kaya. Ranar kowa ke ziyartar mamatansa. An wanke kaburbura, an yi musu fenti, ga kyandir, ga furanni, ga tabarmi da kulolin abinci, wasu ma can suke kwana. Ta zauna tana ba mijinta labarin tsadar shinkafa kamar yana ji. Ni dai na ja gefe, abin bai kwanta mini ba. Sai ta ce, "Kai wa ke duba na babanka?" Na rasa amsa. Ina ɗan shekara tara aka binne shi, damina biyu ta shafe alamar, Baffa kaɗai ya san wurin.

Da na dawo da takardata, shi ne a gaba wajen walima, yana gaya wa mutane ɗansa ya yi karatu a ƙasar waje. Na durƙusa na gaishe shi. Bayan an watse na ce ya raka ni maƙabarta, ya ce sai an sha iska. Shekara biyar ke nan.

Rigar tana ƙasan akwatina, fentin bai fita ba. Mako mai zuwa zan kawo yadda aka yi da gonar.