Albert Llovera: Daga Ƙanƙarar Sarajevo Zuwa Rairayin Dakar

A garejin da nake kai motata gyara na fara ganin yadda ake mayar da aikin ƙafa zuwa hannu. Wani maƙwabcinmu, wanda haɗarin mota ya taɓa masa laka shekaru da dama da suka wuce, ya kawo tsohuwar motarsa mai sauya giya da kanta, bakanike kuwa ya yanko rodi, ya lanƙwasa shi, ya yi masa walda a ƙarƙashin sitiyari ta yadda in an tura shi gaba zai danne birki, in an janyo shi baya ya ba mota wuta. Da aka gama, dattijon ya matso da kekensa jikin ƙofa, ya dafa kujera ya cilla kansa ciki, ya ɗago ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya da hannu, sannan ya ce wa bakaniken: "Malam, birkin nan ya yi tauri, sassauta mini shi kaɗan." Tun daga ranar nake bibiyar labarin direbobin da ke tuƙi da hannu zalla, kuma a cikinsu babu wanda ya riƙe hankalina kamar Albert Llovera.

An haife shi ranar 11 ga Satumba, 1966, a Andorra, wata 'yar ƙaramar ƙasa da ke maƙale a tsaunukan Pyrenees tsakanin Faransa da Sifen, wadda faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 468 ba. A can dusar ƙanƙara ita ce filin wasan yara kuma ita ce hanyar cin abincin manya, domin baƙin da ke zuwa zamiya a kan tsaunuka lokacin hunturu suna cikin ginshiƙan tattalin arzikin ƙasar. Llovera ya taso da katakon zamiya a ƙafarsa, ya kuma yi fice da wuri, har ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Sarajevo, cikin tsohuwar Yugoslabiya, a watan Fabrairun 1984, yana ɗan shekara 17.

Shekara guda bayan haka, a 1985, ya koma Sarajevo domin gasar cin kofin Turai. Yana gangarowa da matsanancin gudu sai wani daga cikin alƙalan gasar ya gifta a gabansa, suka yi karo. Ƙashin bayansa ya karye a daidai ƙirji, lakarsa ta lalace, daga nan zuwa ƙasa jikinsa ya daina amsa masa. Bai kai shekara 20 ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba gangancinsa ne ya jawo ba, ba kuma tsaunin ne ya kayar da shi ba; kuskuren mutumin da aka ajiye domin kula da tsarin gasar ne. Bayan doguwar jinya ya yi wani zama a Amurka, inda ya buga ƙwallon kwando ta masu keken guragu, amma zuciyarsa ba ta zauna a nan ba, domin abin da ya saba da shi tun yana yaro shi ne gudu.

Masu ba da labarinsa sukan nuna kamar ya bar wani wasa ne ya kama wani daban, ni kuwa ina ganin bai yi nisa da sana'arsa ta farko ba. A gasar zamiya ba a sakin 'yan wasa gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya suke gangarowa, agogo ne abokin karawar kowa, kuma kafin a fara sai kowa ya bi hanyar a hankali ya haddace kowace kwana da kowane tudu. Tseren motoci irin na rali ma haka yake: ana sakin motoci da tazara a tsakaninsu a kan hanyar da aka rufe, ta tsakuwa ko kwalta ko ƙanƙara, bayan direba da abokin tafiyarsa sun riga sun zagaya sun rubuta bayanin kwanoninta, wanda abokin zai riƙa karanto masa ana cikin gudu. Wanda ya san inda ake fara karkata jiki kafin a iso kwana, ya san lokacin da ƙasa ke riƙe shi da lokacin da take shirin sakinsa, ya kuma saba kallon kwana ta gaba alhali yana cikin ta yanzu, to ya riga ya mallaki rabin ilimin rali. Haɗarin ya ɗauke wa Llovera ƙafafu, amma bai taɓa idonsa da wannan ilimi ba.

Sauran rabin aikin na maƙera ne da injiniyoyi. Motar tsere ba irin ta maƙwabcinmu ba ce da rodi guda ya wadatar, domin direban rali yana buƙatar totur da birki da kuloci da giya da birkin hannu, wani lokaci biyu ko uku daga cikinsu a cikin ƙiftawar ido, ga kuma sitiyari da ba ya son a sake shi. Dabarar da aka saba bi ita ce a ɗora zobba a jikin sitiyarin, a gabansa ko a bayansa, waɗanda yatsu ke dannawa ko janyowa domin ba da wuta da rage gudu, a kuma matso da sauran sandunan kusa da hannu. Wato aikin da gaɓoɓi huɗu ke rabawa tsakaninsu ya koma kan biyu. Ga mai rauni a laka daga ƙirji, akwai ƙarin wahalar da ba a gani daga waje: tsokokin ciki da na baya ba sa tallafe shi in mota ta sha kwana, don haka sai kujera da bel sun ɗaure shi tamau, kuma jikin da ba ya yin gumi yadda ya kamata daga wurin raunin zuwa ƙasa yana saurin ɗaukar zafi a cikin motar da ta zama kamar tanderu.

Da wannan shiri ya lashe gasar kofin Peugeot ta rali a Andorra a 1989, shekara huɗu kacal bayan haɗarin. Ya ci gaba da fafatawa a gasannin yankin Kataloniya na Sifen da na ƙasar Sifen baki ɗaya, sannan a 2001 da 2002 ya shiga rukunin ƙananan motoci na gasar rali ta duniya da Fiat Punto, ya kuma dawo fagen duniya a 2010 da Abarth Grande Punto. Bai zama zakaran duniya ba, kuma ba na ganin amfanin a ƙara wa labarin gishiri. Abin lura shi ne a duk waɗannan gasanni babu wani rukuni na naƙasassu da aka keɓe masa, babu daƙiƙa guda da aka rage masa saboda tausayi. Sunansa yana fitowa ne a jeri ɗaya da na masu ƙafa biyu, gwargwadon abin da agogo ya nuna. Da a ce ya koma zamiya a kan kujera, to da 'yan'uwansa masu irin lalurarsa zai kara, wanda shi ma fage ne mai daraja. Mota kuwa ta mayar da shi tsakiyar taro.

Sai kuma gasar Dakar, doguwar tseren ratsa hamada, wadda dattawan Agadas da Yamai ba sa buƙatar a yi musu bayaninta, tun da a shekarun 1980 ayarin motocinta da baburanta ya sha ratsa hamadar Tenere yana tayar da ƙura. Llovera ya fara shiga a 2007 da motar Isuzu, a tafiyar da ta tashi daga Lisbon, amma bai kai ƙarshe ba. Wannan ce shekarar ƙarshe da aka yi gasar a Afirka, domin an soke ta 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mayar da ita Kudancin Amurka daga 2009. A can ya sake gwadawa a 2014, ya kammala a 2015, sannan daga 2016 ya koma rukunin manyan motoci da motar Tatra. Lokacin da gasar ta ƙaura zuwa Saudiyya a 2020, yana cikin masu tuƙa manyan motocin Iveco na tawagar De Rooy ta ƙasar Holan, yana da shekara 53.

A Dakar babban abokin gaban mai shanyayyen jiki ba tudun rairayi ba ne, zama ne. Mutum mai lafiya in ya daɗe a kujera yakan ji ɗuwawunsa sun gaji ya gyara zama ba tare da ya sani ba. Wanda ba ya jin jikinsa kuwa fata na iya mutuwa a ƙarƙashinsa, gyambo ya buɗe, shi bai da labari. Isidre Esteve, ɗan Kataloniyan da ya shanye a haɗarin babur a 2007, ya koma Dakar da mota a 2009, ya kuma dawo gida da irin waɗannan gyambuna masu tsanani, har sai da aka ƙirƙiro masa matashin zama na musamman mai sauya matsin iska kafin ya iya komawa a 2017. Wannan ne ma'aunin da nake auna tafiye-tafiyen Llovera da shi: kusan mako biyu, sa'o'i masu yawa kowace rana, cikin jijjigar babbar mota mai nauyin tan da dama, kuma dukkan tuƙin a kafaɗu da yatsu.

Na ba maƙwabcin namu wannan labari wata rana da yamma, muna zaune a ƙofar gidansa bayan la'asar. Bai yi mamakin gudun ba, bai kuma tambayi lambar da mutumin ya zo ba. Sai ya murza kafaɗarsa ta dama, wadda ya ce takan kwana biyu tana masa ciwo duk lokacin da ya yi doguwar tafiya, ya tambaye ni ko zan iya samo masa hoton zobban nan na sitiyari, domin ya nuna wa bakanike.