Marion Bartoli: bugun hannu biyu dama da hagu, ribarsa da kuɗinsa

Ranar 6 ga Yulin 2013, a wasan ƙarshe na gasar tanis ta Wimbledon da ke Landan, Marion Bartoli ta cilla ƙwallo sama, ta saki sabis (bugun da ake fara kowane maki da shi) ya dira kan layi, Sabine Lisicki ko taɓa shi ba ta yi ba. Ci 6-1 da 6-4, kofi ya zama na Bafaranshiya. Ko arba'in ba a yi ba, ranar 14 ga Agusta, ta zauna gaban 'yan jarida a Cincinnati ta Amurka tana hawaye, ta ce ta ajiye raket. Shekarunta 28. Mai son gane yadda abubuwan nan biyu suka zo a jere, sai ya fara da duba yadda take riƙe raket.

An haife ta ranar 2 ga Oktoban 1984 a Le Puy-en-Velay, ta tashi a ɗan garin Retournac, yankin tsaunuka mai tsananin sanyi a tsakiyar Faransa. Mahaifinta Walter likita ne, ba gogaggen ɗan tanis ba, amma shi ya koya mata wasan tun tana shekara shida, daga baya ma ya jingine aikin likitanci ya koma bin ta gasa-gasa. Abu biyu na ƙuruciyarta suka gina salonta. Lokacin hunturu a rufaffen ɗaki take atisaye, kuma bango na kusa da layin baya, babu wurin ja da baya, dole ta koyi tarar ƙwallo tun tana tasowa daga ƙasa. Sannan a 1992 mahaifin ya kalli wasan ƙarshe na gasar Faransa, inda Monica Seles ta doke Steffi Graf 6-2, 3-6, 10-8 tana bugu da hannu biyu ta kowane ɓangare. Bugun tafin hannun yarinyar ba shi da ƙarfi a lokacin, sai ya ce ta ƙara ɗaya hannun.

Ga yadda riƙon yake. Bartoli ba bahaguwa ba ce, don haka hannun dama ke gindin mariƙi, na hagu a samansa. A bugun bayan hannu wannan ba baƙon abu ba ne, yawancin 'yan wasan yau haka suke yi. Inda ta fita daban shi ne ba ta sauya wa hannuwan wuri idan ƙwallo ta zo ta dama. Hannun hagu sai ya gitta ta gaban jiki ya bi na dama, kafaɗu da ƙugu su juya tare kamar ƙyauren ƙofa. Ribar a fili take. Ba a ɓata lokaci wajen gyara riƙo tsakanin dama da hagu. Fuskar raket ba ta girgiza komai nauyin ƙwallon da ta zo, domin wuyan hannu biyu ke tallafe da ita. Lilon baya gajere ne, kuma abokiyar karawa ba ta iya karanta inda za a aika ƙwallo sai ta riga ta tashi, tunda a ƙiftawar ƙarshe hannun sama na iya karkatar da ita ta tsallaka fili.

Kuɗin da ake biya shi ne tsawon hannu. Mai bugu da hannu ɗaya na miƙa hannu har ƙarshensa ta ƙara da tsawon raket. Mai hannu biyu kuwa, hannun da ya gitta ke yanke mata iyaka, sai ta ƙara taku ɗaya ko biyu kafin ta isa ƙwallon da wata za ta taɓa daga tsaye. Faɗin filin 'yan ɗaiɗai mita 8.23 ne, tsawonsa 23.77, ita kuma tsayinta mita 1.70, kuma ba ta cikin masu gudun tsiya. Shi ya sa aka ƙara wa raket ɗinta na kamfanin Prince tsawo ya wuce inci 27 da aka saba (doka ta tsaya a inci 29). Dogon raket na ba da 'yar rata, amma yana da nauyin juyawa, kuma kafaɗa ce ke ɗaukar wannan nauyin sau ɗaruruwa a kowace rana.

Maganin da ita da mahaifinta suka samo ya saɓa wa abin da hankali zai fara ba mutum. Wanda hannunsa bai kai ba zai so ya ja baya ya sami lokaci. Ita sai ta matso gaba. Wajen karɓar sabis tana tsayawa a kan layin baya ko cikinsa, a sabis na biyu ta ƙara kutsawa ciki sosai. Lissafin ba wuya: ƙwallon da aka buga ta nufi gefe, ƙara nisanta daga raga, ƙara buɗewarta. Wadda ta tsaya mita uku bayan layi za ta yi doguwar tafiya gefe kafin ta same ta, wadda ta tare ta da wuri kuwa ta datse kwanar tun ba ta buɗe ba. Ga kuma ɗaya ribar: ƙwallo na komawa kan mai sabis tun ba ta gama daidaita ƙafafunta ba. Ƙara da abin da ido ke gani. Mace ta tsaya za ta yi sabis na biyu, ta ɗaga kai ta ga abokiyar karawa ta matso tana tsalle kamar za ta haɗiye ta, ba ƙaramin aiki ba ne hannu ya ƙi rawa.

Sai dai sabis na farko ba ya cika sakan guda kafin ya iso, kuma duk takun da aka yi gaba ragi ne a wannan ɗan lokacin. Nan atisayen Walter ya shigo, wanda aka daɗe ana yi wa dariya a filayen horo. Ƙwallaye masu girma da launi daban-daban don ido ya saba da saurin tantancewa. Igiyoyin roba a ɗaure a jiki tana bugu suna ja. Ƙwallon tanis a manne a dugadugan takalmi don kada ta taɓa sauke diddige ƙasa. Abin ya yi kama da wasan yara, amma kowanne na da aikin da yake yi: wadda ke wasa daf da layi ba ta da damar tsayawa da tafin ƙafa a shimfiɗe. Haka tsalle-tsallen da take yi tsakanin maki da maki, ta juya wa fili baya tana lilo da raket a iska. 'Yan kallo da yawa abin na ba su haushi, ni kuwa ina ganin injin da ba ya son a kashe shi ne, domin tayar da shi na da wuya.

Sabis ɗinta shi ne inda ginin ya fi rauni. Ƙafafu a haɗe, wuyan hannu a lanƙwashe, hannu a miƙe sandare, kuma an sauya masa fasali ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a tsawon shekarunta. Sabis motsi ne da ke son a maimaita shi iri ɗaya har jiki ya haddace. Wanda ake yi wa kwaskwarima kullum, ranar da gaba ta faɗi shi ke fara watsewa, sai a ga kuskure biyu a jere, maki ya tafi a banza.

Masu koyarwa sun san hanyar kayar da ita, aiwatarwa ce ke da wuya. A ja ta gefe da sabis, a aika ta ɗaya gefen. A yanko ƙwallo ta zo ƙasa-ƙasa nesa da jiki har ta saki hannu ɗaya, wanda ba ta saba ba. A ɗiga mata gajera kusa da raga. Ko a murza ƙwallo ta yi tsalle sama da kafaɗa, inda hannu biyu ba sa iya dannawa. A filin jar ƙasa wannan na ƙarshen ya fi ci, domin ƙasar na rage wa ƙwallo gudu ta ƙara mata tashi. Francesca Schiavone ta Italiya, gwanar yanka da murzawa, da wannan ta tsayar da ita 6-3, 6-3 a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Faransa a 2011, mafi nisan da Bartoli ta taɓa zuwa a gida. Ciyawa kuwa akasin haka take. A Wimbledon ana aske ta zuwa milimita 8, ƙwallo na sulɓewa ba ta tashi sosai, tana zuwa tsakanin gwiwa da ƙugu, daidai inda miƙaƙƙen bugun Bartoli ke so. Musayar bugu gajera ce, ba a kai ga gajiyar da ƙafafunta. Ba mamaki wasannin ƙarshe biyu da ta kai a manyan gasa huɗu (na Ostireliya, Faransa, Wimbledon da Amurka) duk a Wimbledon ne.

Ta ci gasar matasa ta Amurka a 2001, ta doke Svetlana Kuznetsova, amma sai a Janairun 2006 ta ɗaga kofin manya na farko a Auckland, ta ƙara biyu a shekarar, a Tokyo da Quebec. Duniya ta san ta a Wimbledon ta 2007. Justine Henin, ta ɗaya a duniya, ta cinye turmin farko 6-1 a wasan kusa da na ƙarshe (wadda ta ci turmi biyu ita ke cin wasa), kowa ya ɗauka an gama. Bartoli ta ƙwace na biyu 7-5, ta share na uku 6-1. Washegari Venus Williams ta nuna mata iyakar tsayuwa kusa da layi, domin akwai ƙarfin sabis da ko hannu biyu ba sa tarewa: 6-4, 6-1. Ta rama a kan Venus a wasan ƙarshe na Stanford a 2009, shekarar da ta fitar da Jelena Jankovic, ta ɗaya a lokacin, daga gasar Ostireliya. A 2011 ta fitar da Serena Williams daga Wimbledon, a 2012 ta katse wa Victoria Azarenka jerin nasara 26 a Miami. Matsayi mafi girma da ta taka shi ne na bakwai, kofunanta na 'yan ɗaiɗai takwas. Tsarin ya nuna kansa: ranar da lokacin bugunta ya zauna, babu wadda ta fi ƙarfinta, ranar da ya goce da ɗan kaɗan kuwa babu wata dabara ta biyu da za ta koma wa.

Zamanta da hukumar tanis ta Faransa bai yi daɗi ba, kuma a kan mahaifinta ne. Ƙa'idar tawagar ƙasa a lokacin, a gasar mata ta ƙasa da ƙasa da ake kira Fed Cup a wancan zamanin, ita ce kowa ta bar kocinta a gida, a yi horo tare ƙarƙashin kyaftin. Bartoli ta ce ba ta shiri sai da nata. Bayan wasan ƙarshe na 2004 a Mosko, inda ita da Émilie Loit suka faɗi a wasan 'yan bibbiyu da ya ba Rasha kofi, ta yi shekaru ba ta buga wa ƙasar ba. Shiga gasar Olamfik kuwa a lokacin na da sharaɗin buga Fed Cup, don haka aka yi ta Landan a 2012, a kan ciyawar Wimbledon ɗin da ta fi ƙwarewa, ba tare da 'yar wasan Faransa mafi matsayi ba. A ganina kowane ɓangare ya yi asara, kuma hukumar ta fi laifi, domin salon da babu mai irinsa ba a yi masa horon gama-gari.

A farkon 2013 ta raba gari da mahaifin a matsayin koci, ta koma tawagar ƙasa ƙarƙashin Amélie Mauresmo, wadda ta ci Wimbledon a 2006. Watannin da suka biyo baya ba su yi kyau ba, ta gwada masu horarwa ta sauya, ta iso Landan a matsayi na 15 cikin 32 da ake warewa, babu mai ambatonta. Sai manya suka yi ta zubewa. Azarenka ta janye da rauni, Maria Sharapova ta faɗi a zagaye na biyu, Lisicki ta fitar da Serena a na huɗu. Bartoli ta bi ta kan Elina Svitolina, Christina McHale, Camila Giorgi, Karin Knapp, Sloane Stephens da Kirsten Flipkens ba ta ba da turmi ko ɗaya ba. Masu cewa hanya ce ta buɗe mata suna da hujja, tunda ba ta haɗu da ko ɗaya daga cikin goman farko ba. Amma hanyar ga kowa ta buɗe a wannan ɓangaren, ita ce ta bi ta wasa bakwai ba tuntuɓe.

Wasan ƙarshen ma da tangarɗar sabis ta fara shi, Lisicki ta ci gem na farko duk da Bartoli ce ke sabis (gem shida ake nema a ci turmi). Daga nan Bartoli ta ci shida a jere. Makamin Lisicki sabis ne mai ƙarfi, Bartoli ta matso ta yi ta mayar mata da shi ƙarƙashin ƙafa har Bajamushiyar ta fara hawaye a tsakiyar turmi na biyu. A 5-1 ta sami damar kammalawa sau uku ta ɓarar, Lisicki ta taso zuwa 5-4, sannan Bartoli ta riƙe sabis ɗinta ba ta ba da maki ko ɗaya ba. Wannan ce babbar gasa ta 47 da ta shiga, babu macen da ta jira haka kafin ta ci ta farko sai da Flavia Pennetta ta yi a ta 49 a 2015. Ladan ya kai fam miliyan 1.6 da maki 2,000 a jadawalin duniya. Tun daga ranar babu Bafaranshiyar da ta sake cin ɗaya daga cikin manyan gasa huɗun a wasan 'yan ɗaiɗai.

A Cincinnati, bayan Simona Halep ta doke ta 3-6, 6-4, 6-1, ta lissafa wuraren da ke mata ciwo: agara, kafaɗa, ƙugu da gadon baya, ta ce da ta yi minti 45 ko awa ɗaya tana wasa jikin duk sai ya ɗauka. A dubi jerin da kyau. Agara ita ke ɗauke da mai tsayuwa kan yatsu da tsalle ba hutu, ƙugu da baya su ke juya jikin da hannuwansa ke ɗaure wuri guda, kafaɗa kuma ta sha dogon raket da sabis da ake ta sauya wa fasali. Ta sanar da dawowa a ƙarshen 2017, kafaɗar dama ta hana, ta haƙura a tsakiyar 2018 ba ta buga gasar hukuma ko ɗaya ba. Ta koma sharhin wasa a talabijin da rediyo, kuma a Oktoban 2019 ta karɓi horar da Jelena Ostapenko, wata mai miƙaƙƙen bugu da tarar ƙwallo da wuri. A makonnin farko na aikin Ostapenko ta kai wasan ƙarshe a Linz, ta ɗauki kofi a Luxembourg.