Girgizar ƙasa da masu yawon teku: abin da nake faɗa wa fasinja kafin ya biya

Ofishina ƙarami ne, yana hawa na biyu a wata filaza a Wuse 2. Tikitin jirgin sama, cike takardun biza da shirya Umara, musamman ta azumi, su ne suke riƙe da mu. Yawon teku a manyan jiragen ruwa na shaƙatawa daga baya ya shigo harkar, kuma mutanenmu ne suka kawo shi da kansu. Wani ya je Dubai ya ga ƙaton jirgi a tsaye a tashar Rashid, wata ta gani a Instagram, sai aka fara zuwa ana tambaya. Da Saudiyya ta buɗe wannan harka a Jidda a 2021, har ta kafa kamfaninta Aroya wanda jirginsa ya fara aiki a ƙarshen 2024, masu tambaya suka ƙaru, domin mutum yana iya gama Umararsa ya ƙara 'yan kwanaki a Bahar Maliya, abinci halal, babu giya. Galibin masu sayen wannan tafiya a wajena ango da amarya ne, sai dattawan da suka yi ritaya, 'ya'yansu suka haɗa musu kuɗi su je su huta.

Duk ranar da aka ce an yi girgizar ƙasa a wata ƙasa mai bakin teku, wayata ba ta hutawa. Tambayar ɗaya ce: jirgin ba zai kife ba? Ba na ganin laifin kowa. Mu mutanen tudu ne, da yawanmu ba su taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama. Kuma mazauna Abuja sun ɗan ɗanɗana abin. A watan Satumba na 2018 ƙasa ta motsa a Mpape har wani ɓangare na Maitama ya ji, mutane suka fito waje da yara a hannu, aka sake ji a Mpape a Satumban 2024. Wanda ya ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin gadonsa, dole ya zaci a kan ruwa abin ya fi muni.

Amma jirgin da yake can tsakiyar teku ya fi kusan kowa zama lafiya. Girgizar da take rushe gini ita ce mai kaɗa ƙasa gefe da gefe, kuma wannan nau'in ba ya ratsa ruwa. Abin da yake ratsawa shi ne bugun farko, mai tafiya irin ta sauti. Idan jirgi yana kusa da inda abin ya faru, sai a ji wani duka daga ƙasansa, kwanuka su yi ƙara, har matuƙa sukan zaci sun hau kan dutse. Cikin daƙiƙu ya wuce. Ita kuwa igiyar tsunami, wadda ake samu idan ƙasan teku ya ɗaga ko ya nitse farat ɗaya, a ruwa mai zurfi tana gudun da ya kai kilomita 700 zuwa 800 a awa, amma tsayinta sau da yawa bai kai mita ɗaya ba, kuma tsakanin tudun igiya ɗaya da na biye da shi yakan kai ɗaruruwan kilomita. Sai ta bi ta ƙarƙashin jirgi, mai shan shayi a sama bai ma san an yi ba.

Sai ta iso gaɓa take nuna halinta. Zurfi ya ragu, gudunta ya ragu, ruwan da ke baya ya taru a kan na gaba ya yi tsiri. Haka ta faru ranar 26 ga Disamba 2004 bayan girgiza mai maki 9.1 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa a kusa da Sumatra ta Indunusiya, inda mutum kusan 230,000 suka rasu a ƙasashe 14, haka kuma a Japan ranar 11 ga Maris 2011. A cikin tashar jiragen ruwa ko igiyar ba ta yi tsayi ba akwai haɗari, domin ruwan yakan riƙa kai da komo kamar an girgiza baho, ya tsinke igiyoyin da aka ɗaure jirgi da su, ya maka shi da dandamalin siminti. Shi ya sa da zarar an ba da gargaɗi, hukumar tasha takan ce manyan jirage su fita su nemi zurfi. Kuma ba sa jiran kowa.

Wannan ita ce maganar da na fi daɗewa a kanta da kwastoma. A ƙarshen Yulin 2025 an yi girgiza mai maki 8.8 a gaɓar Kamchatka ta Rasha, gargaɗin tsunami ya game Tekun Fasifik. Jirgin Pride of America yana tsaye a tashar Hilo ta Hawayi, fasinjojinsa sun bazu cikin gari da wuraren kallo. Aka umarci jirage su bar tasha, ya tashi kafin lokacinsa, ya bar ɗaruruwan mutane a tudu. Da yawansu a wata makarantar sakandare suka kwana, sai washegari, bayan an duba tashar, jirgin ya dawo ya kwashe su.

Na ba wani dattijo wannan labari a ofis, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya zo da mai ɗakinsa suna duba tafiyar tsibiran Girka. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, ya ce, "To ɗana, wannan wane irin matuƙi ne da zai tafi ya bar fasinjansa? Ko a tashar Jabi ba a haka."

Na ce, "Ranka ya daɗe Baba, akwai dubban rayuka a cikin jirgin. In ya tsaya jiran na waje, na ciki ya sa a haɗari. Su kuma na waje, in sun hau tudu, sun fi tsira a can da su riƙa gudu zuwa bakin ruwa."

Hajiya ba ta ce komai ba sai can. Ta ce, "Maganin hawan jininsa fa? In yana cikin ɗaki a jirgi, mu muna waje?"

Ita ta gano inda gizo ke saƙa. Mutum ya sauka da safe da niyyar dawowa la'asar, ya bar magani a ɗaki, ya bar caja, ya bar kuɗi a akwatin ajiya, daga shi sai katin ɗakinsa a wuya. Saboda haka nake sa kowane fasinjana ya riƙe 'yar jaka da ba ya sauka sai da ita: maganin kwana biyu, musamman masu ciwon suga da hawan jini, 'yar na'urar cajin waya, takardun kuɗi na dala ko yuro da ya canza a Zone 4 tun kafin ya tashi, domin katin naira ba abin dogaro ba ne a irin wannan rana. Sai fasfo. Akwai tafiye-tafiyen da jirgi yake karɓar fasfon fasinjoji ya ajiye, to a nan a riƙe kwafinsa a takarda da hotonsa a waya, har da shafin biza. Kuma a cikin takardar shirin yini da jirgi yake fitarwa kullum akwai lambar wakilinsa na garin da aka tsaya. Mutanenmu ba sa karanta ta. Nakan ce a ɗauki hotonta kafin a taka matakala, domin wanda jirgi ya bari, wannan wakilin ne uwa da ubansa a garin.

Ina kuma gaya musu alamun da ba sa buƙatar jiniya. In kana bakin teku ƙasa ta girgiza har tsayuwa ta gagara, ko ta daɗe tana yi, ko ka ga ruwa ya ja da baya ya bar ƙasa a fili, to ka nufi tudu ko saman gini mai ƙarfi, kada ka nufi jirgi. Kada kuma ka sauko don igiyar farko ta wuce, ba lallai ita ce babba ba, kuma abin yakan ɗauki sa'o'i. Bahar Rum, inda mutanenmu suka fi zuwa, ba ta tsira daga wannan ba. Ranar 30 ga Oktoba 2020 girgiza mai maki 7.0 ta auku tsakanin tsibirin Samos na Girka da birnin Izmir na Turkiyya, ruwa ya shiga titunan garuruwan gaɓa, fiye da mutum 100 suka rasu, galibi a gine-ginen da suka rufta a Izmir. A Yulin 2017 ta tsibirin Kos ta tsattsaga tashar jiragen ruwan garin. A irin wannan ƙaramin teku, tsakanin girgiza da isowar ruwa mintuna ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, masu koren fasfo. Idan tasha ta lalace ko aka rufe ta, kyaftin yana da ikon sauya hanya, kuma wannan yana rubuce a yarjejeniyar tikiti. Baturen da ke ɗakin kusa da naka duk inda aka kai shi sauka zai yi. Kai kuwa biza ce take yanke maka hukunci. Jirgin da ya tashi daga Girka ya leƙa Turkiyya ya dawo, ya fita daga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ya sake shiga, wanda bizarsa ta shiga sau ɗaya ce ya shiga uku. Don haka ba na karɓar kafin alƙalami sai na tabbatar bizar mutum ta shiga da fita sau da yawa ce, kuma tana da sauran kwanaki bayan ranar da tafiya za ta ƙare. Kowace tasha da ke cikin jadawali sai na sa kamfanin jirgin ya rubuto mini matsayin ɗan Najeriya a cikinta. Aiki ne mai cin lokaci, wasiƙa ta tafi wasiƙa ta dawo, yaran ofis har sukan gaji, amma ba na ɗaga ƙafa a kansa.

Batun kuɗi shi ne mai ɗaci. A farkon 2025 tsibirin Santorini ya yi makonni yana rawa, dubban ƙananan girgiza, mafi ƙarfinsu ta ɗan haura maki 5. Gwamnatin Girka ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Fabrairu, mutum fiye da 10,000 suka bar tsibirin, aka rufe makarantu. Wanda ya san wurin ya san dalilin fargabar. Manyan jirage ba sa raɓar gaɓa a can, a tsakiyar ruwa suke tsayawa, ƙananan jirage su yi ta jigilar mutane zuwa tsohuwar tasha a gindin wani dogon dutse, daga nan a hau garin Fira ta motar da ke tafiya a kan waya ko ta ɗaruruwan matakala. Ƙasa ta motsa kana gindin wannan dutse, duwatsun da za su gangaro su ne abin tsoro. Sai wajen ƙarshen Maris jiragen yawo suka fara komawa.

Ina da ango da amarya da suka riga suka biya tafiyar bazara. Mahaifiyar amarya ta kira ni da daddare, ta ce, "Malam, don girman Allah ka soke, 'yata ba za ta je inda ƙasa ke rawa ba." Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, zan faɗa miki gaskiya. In kamfani ne ya soke tafiya gaba ɗaya, yana mayar da kuɗi. In tasha ɗaya ya cire ya sa wata, abin da yake mayarwa harajin wannan tashar ne da kuɗin yawon cikin gari da aka saya ta hannunsa. In kuwa ku ne kuka fasa don tsoro, akwai tara, kuma tana ƙaruwa yadda ranar tafiya take matsowa." Suka zauna a gida suka yi shawara, suka fasa. Kamfanin ya riƙe kason da yarjejeniya ta ba shi, na rubuta na roƙa bai saki ko sisi ba. Na mayar musu da kamashona, amma bai kai rabin abin da suka rasa ba, ga shi da dala aka biya. Har yau abin yana damuna.

Inshorar da ofishin jakadanci yake nema kafin bizar Shengen ta jinya ce, ta yuro 30,000. Mutane suna ɗauka ta rufe komai, alhali sau da yawa ba ruwanta da otal ɗin da ka kwana don jirgi ya bar ka, ko tikitin da ka saya ka bi shi zuwa tasha ta gaba. Wadda take ɗaukar wannan daban ce, ta fi tsada, kuma sai an karanta an ga ta ambaci bala'o'i irin su girgizar ƙasa, sannan a saye ta tun kafin abin ya faru. Ina sa ta cikin lissafi tun farko, shi ya sa farashina yakan ɗara na wasu, kuma na sha ganin kwastoma ya karɓi takardata ya tafi bai dawo ba. Wasu sukan ce mini ai komai ƙaddara ne. Haka ne, kuma ni ma da addu'ar tafiya nake sallamar kowa, amma ban ga inda imani da ƙaddara ya hana mutum sa maganinsa a jaka ba.

Akwai tambayar da masu taushin zuciya suke yi, kuma ina girmama ta: ya dace a je shaƙatawa inda mutane ke makoki? Bayan girgizar Haiti ta 12 ga Janairu 2010, kwanaki kaɗan jiragen Royal Caribbean suka ci gaba da tsayawa a Labadee, wurin hutun kamfanin a arewacin ƙasar, ɗauke da kayan agaji, kamfanin kuma ya yi alkawarin dala miliyan 1. An yi ta suka, wasu fasinjoji suka ƙi sauka. A Turkiyya kuwa, bayan ta 6 ga Fabrairu 2023 mai maki 7.8 wadda ta kashe fiye da mutum 50,000 a can da Siriya, jiragen fasinja irin su Gemini da MSC Aurelia sun tsaya a Iskenderun suka zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Ni a ganina, muddin ana tonon gawa a gari, ba wurin yawo ba ne. Amma bayan an yi watanni, mai tasi da mai sayar da tsaraba da mai gidan abinci baƙon nan suke jira su ciyar da iyalansu, kuma ƙaurace musu ƙarin masifa ne. Haka nake faɗa wa wanda ya tambaye ni. In ya ce duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai in nema masa jirgin Jidda ko na Dubai, mu sake lissafi daga farko.