Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Ranar da Muka Kai Sauro Filin Biki

A makon jiya mun tsaya inda shugaban sashenmu ya ce mu kwashi kayan bincike mu kai filin bikin al'adu da ake yi duk shekara. Wasu abokan aikina suka yi ta gunaguni, wai wa zai bar kiɗa da rawa ya zo kallon sauro. Ni kam tun farko shawarar ta kwanta mini. Mutumin da ba zai taɓa taka ƙofar jami'a ba, a nan za ka same shi cikin walwala, kuma bakinsa ba ya nauyin tambaya.

Rumfarmu tana can gefe, kusa da makaɗa. Kayan ba su da yawa: madubin ƙara girman abu, kejin raga mai sauro a ciki, sai kwalabe biyu na ruwa da tsutsar sauro ke iyo. Yara ne suka fara yi mana dafifi. Na nuna musu yadda tsutsar sauron Anofilis, mai yaɗa maleriya, take kwanciya a miƙe a saman ruwa, ta Kuleks kuwa tana reto kanta ƙasa. Wata yarinya ta ƙwanƙwasa kwalbar da farce, nan take duk suka nutse, ta ruga ta jawo mahaifiyarta.

Can da la'asar wani dattijo ya tsaya yana saurare, hannuwa a baya. Ya ce, "Malama, tun ina yaro nake gani, ruwan sama ke kawo zazzaɓi."

Na ce, "Baba, kun lura daidai." Don kuwa ya lura. Idan ruwa ya kwanta a rami ko a sawun dabba, macen sauro ta saka ƙwai, cikin kwana 10 zuwa 14 sabon sauro ya tashi. Macen kaɗai ke cizo, jinin take bukata don ƙwanta. Namijin ruwan furanni ya ishe shi. In ta sha jinin mai ciwon, ƙwayar cutar tana yin kwana 10 ko fiye a cikinta kafin ta kai ga yawunta.

Sai na sa masa gilashin jini a ƙarƙashin madubi. Ya rufe ido ɗaya, ya daɗe a sunkuye yana kallon 'yan zobban da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wato ƙwayar cutar maleriya. Na gaya masa wani likitan Faransa, Laveran, shi ya fara ganin ƙwayar a Aljeriya a 1880, sannan Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya a 1897.

Da ya ɗago sai ya ce, "To 'yata, jikokina a gidan sauro suke kwana, amma zazzaɓin bai ƙyale su ba. Tun suna wasa a waje da magariba ake cizonsu. Wannan fa, me kuka tanada?"

Mu a lokacin duk hankalinmu yana kan sauron da ke shiga ɗaki da tsakar dare. Na rubuta tambayarsa a bayan takardar rajista, washegari na kai wa shugabanmu. Yadda ta sa muka fara kwana a waje muna kama sauro, shi zan kawo muku mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.