Abin da Na Samu a Laburaren Garinmu

Wata ukun farko da na yi a Amurka, a bakin taga na yi su. Mun sauka a wani ƙaramin gari na jihar Indiyana ana tsakiyar hunturu. Maigidana ya fita aiki tun duku-duku, sai bayan magariba ya dawo, ni da 'yarmu mai shekara huɗu muna ɗaka kamar an kulle mu. Ban iya tuƙi ba, garin kuma babu motar haya. Turancin da na taho da shi na takarda ne: in na karanta ina ganewa, amma da mutum ya buɗe baki sai in ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

Ranar da na fara shiga laburaren, sanyi ne ya kora ni ciki. Mun fita miƙe ƙafa, iska ta fi ƙarfinmu, sai na hangi wani tsohon gini na jan bulo, mutane na shiga suna fita ba mai tsayar da su. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran a tambaye ni abin da ya kawo ni, ko a nuna mini wurin biya. Dattijuwar da ke kan tebur ta ɗago ta yi murmushi, ta nuna wa yarinyar ɓangaren yara, ta koma kan aikinta. Awa biyu muka yi, ba wanda ya ce mana kanzil. Da muka koma a satin, takarda mai ɗauke da sunana da adireshinmu kawai ta nema ta yi mini kati. Ta ce kyauta ne ga duk mazaunin garin, domin harajin mutanen garin ne ke riƙe da wurin. Wannan katin shi ne abu na farko da ya zama nawa ni kaɗai a ƙasar nan.

Ita ce ta nuna mini sanarwar zaman hira na yammacin Talata, na masu koyon Turanci. Mu bakwai ne: mutum uku daga Meziko, wani magidanci daga ƙasar Bama, wato Myanmar, mata biyu 'yan Haiti, sai ni. Mai jan ragamar wata malamar firamare ce da ta yi ritaya, ba a biyanta ko sisi. Malama nake ce mata, don bakina ya kasa kiran sa'ar mahaifiyata da sunanta tsirara, ita kuma da na fassara mata kalmar ta ce a bar mata ita.

Malama ba ta damu da nahawu ba. Ta san abin da ke hana mu barci, wato waya. Ido da ido kana iya kallon bakin mutum, ka yi nuni da hannu. A waya kuwa daga kai sai kunnenka. Sai ta juya kujeru biyu baya da baya, ta zauna a ɗaya, ta zama ma'aikaciyar asibiti, ni kuma in nemi ranar ganin likita. Karon farko ta tambaye ni ranar haihuwar yarinyar, na fara da rana kafin wata, ta ce a nan wata ake fara faɗa. Ta ce in jero mata harufan sunana ɗaya bayan ɗaya, na rikice tsakanin harufa biyu, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. Magidancin nan na Bama, wanda da ƙyar yake haɗa jimla, ya matso ya ce mini a hankali: "Sake." Na sake. Sau biyar na sake a daren. Bayan sati uku na ɗauki waya na kira asibiti da kaina, na kashe na zauna a ƙasa ina kuka.

A jikin bangon ƙofar shiga akwai allon tagulla mai sunan Andrew Carnegie. Malama ta ba mu labarinsa wata Talata, ta ce shi ma baƙo ne kamarmu. An haife shi a Sikotilan a 1835, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka a 1848, ya fara aiki a masaƙar auduga yana yaro. Wani mutum, Kanar James Anderson, ya buɗe wa yara ma'aikata ɗakin littattafansa suna ara, abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Da ya yi arziki a harkar ƙarfe, ya ba da kuɗin gina laburare sama da 2,500 a duniya, 164 daga ciki a Indiyana, fiye da kowace jiha. Na karanta daga baya irin wuyar da ma'aikatansa suka sha, har da jinin da aka zubar a yajin aikin masana'antarsa ta ƙarfe da ke Homestead a 1892, kuma ban ɗauke masa wannan ba. Amma sharaɗin da ya gindaya ya burge ni: gari ya ba da fili, ya kuma yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen kula da shi. Shi ya sa mutanen nan suke jin wurin nasu ne.

A nan na ari littafin dokokin tuƙi, a nan na koyi cike takardu a kwamfuta, a nan na zauna tsofaffin garin suna nuna hotunan da, suna gardama kan wane shago ne a wace kusurwa. Abin da ke damuna har yau shi ne masu aikin dare. Su suka fi kowa bukatar zaman Talata, su ne kuma lokacin bai taɓa yi musu daidai ba. Na faɗa a taron hukumar laburaren, da bakina, da Turancina.

Wata rana na tambayi dattijuwar ko akwai littafin Hausa. Ta duba tsarin lambobin Dewey da suke jera littattafai da shi, ta ce harshena yana ƙarƙashin 493. Muka je kantar, babu ko ɗaya. Ta ce in ba ta lokaci, za ta aro daga wani laburaren. Bayan kwanaki ta kira ni: ƙamus ne, daga laburaren wata jami'a. Na buɗe na ga ƙ da ɗ da ɓ a buge, na daɗe ina shafa shafin. Tana kallona, sai ta ce ko zan zo lokacin karatun yara in koya musu ƙirga.

Na amsa, amma da fargaba, don a lokacin 'yata ta fara guje wa Hausa. In na yi mata magana, da Turanci take mayar mini. Ranar, yara wajen goma sha biyu suka zauna a kan darduma. Na ɗaga yatsa na ce ɗaya, suka ce "daya". Sai na ga 'yata ta miƙe tsaye, ta juya ta fuskance su, ta ce ba haka ba ne, su saurara. Ta faɗa musu sau uku, tana nuna inda harshenta yake taɓawa, har wani yaro ya kusa kamawa.

A hanyar komawa ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, me ke bin goma?" Na ce goma sha ɗaya. Muka yi ta ƙirga taku-taku, mun kai talatin da bakwai muka iso ƙofar gida.