Ku duba ƙarƙashin ganye kafin ku yi feshi

Ƙannena masu shirin karɓar noma daga hannun iyayenku a Mai Wurno da sauran garuruwanmu na Sinnar da Jazira a ƙasar Sudan, ina roƙonku kada ku ɗauki kowane ƙwaro da kuka gani a gona a matsayin abokin gaba. Na daɗe ina noman tumatir a bakin kogi da wannan tunani, ina feshi da zarar na ga wani abu yana motsi a jikin ganye, kuma duk lokacin da na ƙara magani sai farin ƙuda ya dawo fiye da da, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, amfani ya ragu. Da hannuna na kashe masu gadin gonata ban sani ba.

Gona tana da masu ci da waɗanda ake ci. Farin ƙuda da darɓa suna tsotsar ruwan ganye, su kuma gizo-gizo da jan ƙwaron nan mai baƙaƙen ɗigo suna cin su, sannan akwai wani ɗan mitsitsin zanzaro, wanda da ƙyar ido ke ganinsa, da ke saka ƙwansa a jikin 'ya'yan farin ƙuda, ɗansa ya cinye su daga ciki. Maganin da ke kashe komai ya fi yi wa waɗannan mafarauta illa, domin suna yawo a kan ganyen da aka fesa, alhali farin ƙuda yana laɓe a ƙarƙashinsa, yana kammala rayuwarsa daga ƙwai zuwa babba cikin kusan mako 3 a lokacin zafi, kuma jikokinsa suna saurin sabawa da gubar.

Abin da ya same ni a ƙaramar gona ya taɓa samun aikin noman Jazira baki ɗaya, wanda ya kafu da madatsar ruwan Sinnar a 1925. A shekarun 1970 an yawaita feshi da jiragen sama saboda tsutsar auduga, sai farin ƙuda, wanda a da ba shi ne babbar matsala ba, ya mamaye hawashoshi, wato gonakin manoman aikin, danƙon da yake fitarwa ya ɓata auduga, darajarta ta faɗi a kasuwannin duniya.

Saboda haka, ku fita da sassafe ku juya ganye ku duba da kyau. Idan kun ga ɓawon ɗan farin ƙuda da ƙaramin rami zagayayye a bayansa, to zanzaron nan ne ya fito daga ciki, kuma yana muku aikin da ba ku biya shi ba. Ku bar masa 'yan shuke-shuke masu fure a gefen gona, ku tuge tumatirin da ya kamu da cutar nannaɗewa tun da wuri. In feshi ya zama dole, ku tambayi malamin gona maganin da ya dace da ƙwaron da kuka gani da idonku, ku fesa a wurin da ɓarnar take kaɗai.